Bakans ta zo, wane littafi zan sa a jaka?

To an rufe lakwal, ƴan brebe da ƴan bak sun gama jarabawarsu, mu kuma masu riƙe alli mun huta sai Oktoba in Allah ya kai mu. Duk shekara war haka sai ka gan ni na jawo kwalin da ke ƙarƙashin gado ina ta jujjuya littattafai, wanne zan ɗauka wanne zan bari, dan ni hutuna ba a Yamai nake yinshi ba balle wata ƙasa, ƙauyenmu nake tafiya can wajen Matamaye in taya Baba noma, in ci tuwon Inna har wandona ya matse ni sannan in dawo Damagaram.

Bara na yi wata wauta da har yanzu in na tuna sai in yi dariya ni kaɗai. Littattafai uku na ɗauka, duk na Faransanci, duk masu kauri, irin waɗanda in ka riƙe a tasha mutane za su ce lallai mushe, wato malamin lakwal, ne wannan. Kuma gaskiya dan a ce ɗin na ɗauke su, ba zan ɓoye ba. A raina wai wata biyu ai sun isa in cinye su har in nemi ƙari. Abun da ban lissafa ba shi ne yadda ranar manomi take. Ka fita tun da asuba da hauya, ka dawo bayan azahar bayanka kamar ba naka ba, ka sha fura ta zauna maka a ciki, ka nemi inuwa, kuma ba ta gawo ba dan shi gawo da damina ne yake zubar da ganye, sai dai gindin dogon yaron ƙofar gida. To a wannan halin ne za ka buɗe littafin da jimlarsa ɗaya ta kai layi takwas? Wallahi shafi biyu ban taɓa wucewa ba, sai dai in farka in ga littafin a kan fuskata kaza na tsattsagar gefen tabarma. Sati uku ina shafi na 24.

Wanda ya cece ni wani tsohon littafi ne da na tarar cikin akwatin ƙarfen Kawu, bangon ya tafi, an ɗinke bayan da zaren buhu, takardun sun yi ja suna warin hayaƙi. Magana Jari Ce ne, na ɗaya, na Abubakar Imam, wanda aka fara bugawa a Zariya tun 1937. Sunan kam kowa ya sha jinsa, amma ni da na yi lakwal ɗin Faransanci tun daga aji ɗaya har na zama malami ban taɓa zama na karanta shi ba, abun kunya ne amma haka ne. Da dare bayan isha'i na kunna ƴar fitilar sola na fara dubawa, sai ƙanena ya ce Yaya karanta da ƙarfi mana mu ji. Nan fa ido ya raina fata. Mu nan an koya mana mu rubuta tch inda su masu bokon Hausa suke sa c, mu sa ou inda suke sa u, mu sa ch inda suke sa sh, dan haka da na ga "ci" sai bakina ya ce "si", na ga "cikin" na ce "sikin", ina tafiya ina tuntuɓe kamar jakin da aka yi wa dabaibayi. Gwaggo tana gefe tana ɓarar gyaɗa, ita da ko ƙofar lakwal ba ta taɓa takawa ba, ta ɗago kai ta ce "ɗan nan wai Hausa kake karantawa ko yaren masu jajayen kunnuwa?" Gida ya ɗauki dariya. Daga ranar ita ta zama malamata, in na karya kalma ta gyara, in na zo kan karin magana kafin in kai ƙarshe ta riga ta ƙarasa mini.

Kwana huɗu bakina ya saki. Kafin sati ya zagayo ƴaƴan maƙwabta sun fara zuwa da tabarminsu, kuma abun da ya sa littafin ya yi daidai da wurin shi ne labaran gajeru ne, aku yana ba da ɗaya ka gama shi a dare ɗaya, in hadari ya taso kowa ya ruga ɗaki ba a yi asarar komai ba, gobe a ɗauki wani. A can na gane cewa kafin in tambayi ko littafi mai kyau ne sai in fara tambayar kaina a ina zan karanta shi, da wane irin gajiya a jikina, kuma wa zai kasance zaune kusa da ni.

Yanzu in na je sayen littafi akwai abun da nake yi wanda masu sayarwa ba sa so. Ba na duba bango, bango ai kwalliya ce, ba na kuma karanta shafin farko dan kowane marubuci a nan yake zuba duk ƙarfinsa. Tsakiya nake buɗewa in karanta rabin shafi a hankali ina motsa baki yadda kunnena zai ji. In na ji maganar mutanen ciki irin wadda za a iya yi a tsakar gidanmu ce, kuma na ji ina son in san me ya faru a shafi na gaba, to shi ke nan. In kuwa na ji numfashina na yankewa kafin in kai aya, na ajiye, ko da kuwa duk duniya na yabonsa.

Sai kuma ƙirga shafi, wannan kam da kuɗina na koya. Wata shekara na sayi wani labari wajen wani mai shimfiɗa littattafai a ƙasa cikin kasuwa, jika ɗaya da rabi na ba shi bayan dogon ciniki, ina can ƙauye labari ya yi zafi an kama mutum ana shirin kai shi gaban alƙali, na juya shafi na 96 sai ga 113, mutumin har ya yi aure. Shafi 16 cif babu. Daga baya wani mai aikin ɗab'i ya faɗa mini ai manyan takardu ake bugawa a ninke, ninki ɗaya yakan ba da shafi 16, in mai haɗawa ya tsallake ninki guda shi ke nan sun tafi tare, kuma a bugun sata ba mai dubawa. Har yau ban san yadda aka yi ya kuɓuta ba. Haka littattafan soyayya da ke zuwa mana daga Kano, yawanci kashi-kashi ne, na 1 na 2 na 3 wani har na 4, dan Allah kar ki sayi na ɗaya in ba ki ga sauran a hannun mai kayan ba, zai ce miki sati mai zuwa za su iso, satin nan ba ya zuwa. Ƙanwata ta taɓa yin damina guda tana jiran na uku.

Na san wasu za su ce mushe kai ma dai, wa ke ɗaukar takarda yanzu, ga labarai nan cike da WhatsApp da Wattpad, ga na saurare a YouTube. Gaskiya ne kuma ni ma ina da su a salula, na saurare ma Inna ta fi so dan tana jin su tana tankaɗe. Sai dai a ƙauyenmu caji wajen mai sola ake kaiwa a biya, a bar wayar ta wuni can, rezo kuma sai ka hau tudu. In za ka dogara da waya to ka sauke komai tun kana gari. Kuma ni matsalata da ita ba caji ba ce ma, ina cikin karatu saƙo ya faɗo, wai a gurup an sa hoton rasuwa ko wani ya tayar da gardamar kokawa, kafin in farga awa guda ta wuce labarin yana nan inda na bar shi. Takarda ba ta yi mini haka.

Kar a ce na kori na Faransanci gaba ɗaya fa. Ɗan yayata da ke lise ya zo yana ta hamma wai ba abun yi, na miƙa masa Sarraounia na Abdoulaye Mamani, wanda ya fito a 1980, ba shi da kauri, labarin sarauniyar Lugu ce da ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a 1899, wanda Med Hondo ya mayar fim a 1986. Kwana uku ya gama. Abun da ya kama shi ba komai ba ne illa na ce masa ai turawan nan biyu a ƙasarmu ajalinsu ya same su, kaburburansu na Maijirgi kusa da Tasawa, kan hanyar da kar, wato babbar motar fasinja, ke bi in za a Yamai, shi da ya sha wucewa ta nan yana barci. Yaro in ya ji abu ya faru a inda ƙafarsa ta taka, karatun daban yake yi masa.

Shi ma ɗaya daga cikin masu kaurin nan uku na bara, na tarihin Damagaram a ƙarni na 19 ne da André Salifou ya rubuta, ɗan garin nan wanda jami'armu ke ɗauke da sunansa yanzu. Ba laifin littafin ba ne, ni ne na kai shi inda ba wurinsa ba. Da na dawo gari a ƙarshen Satumba na riƙa karanta shi da safe bayan na sha shayi kaina garau, shafi biyar shida, da yamma in hau kabu-kabu in sauka Birni in yi ta yawo a lunguna. Ka karanta yadda Sarki Tanimun ya kewaye gari da ganuwa har ana ƙera masa igwa a nan cikin garin, da yadda aka kashe kaftin ɗin Faransa Cazemajou a 1898 zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, da shigowar Faransawa shekarar da ta biyo, sai ka tsaya gaban fada kana kallon duwatsun nan da ka saba gani tun kana yaro kamar yau ka fara ganinsu. Garin da ya riƙe babban birnin ƙasa har 1926 amma ɗalibaina da yawa sunan Kuran Daga a allon lise kawai suka san shi.

Iyaye kuma, ku yi haƙuri zan faɗa ko da ni malami ne. Wannan kayen bakans da ake saya wa yara, lissafi da dikte tun daga Yuli har Satumba, yaro ya yi wata tara a kan benci sannan a ce hutun ma benci ne, shi ya sa da ya ga takarda yake gudu. Ku bar shi ya zaɓi labari da kansa ko mai zane-zane ne, ko kun ga ya yi masa ƙanƙanta. Kuma tunda a 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ba laifi in yaro ya koyi karanta ta tun yanzu kar wata gwaggo ta yi masa irin dariyar da aka yi mini.

Leda fa kar a manta. Ɗakin ƙasa da damina in bai yi yoyo ba gara na nan, dare ɗaya ta ishe ta, na taɓa ajiye littafi a ƙasa jikin bango da safe na ɗauko rabi. A leda nake ƙulle su in rataye a ƙusa. Wanda kuma ba zan iya jure rabuwa da shi ba a gari nake barinsa, dan a ƙauye in an ce ara mini to ka yi masa addu'a kawai, zai zaga gida goma ya ƙare wajen mai ƙosai.

Bana dai biyu na ɗaura, wani ƙaramin labari da na gwada tsakiyarsa ya riƙe ni tsaye a kasuwa har mai kayan ya ce malam in ba za ka saya ba ka ba wasu wuri, sai Magana Jari Ce na biyu da na sa wani direba ya taho mini da shi daga Kano, na zauna na ƙirga shafukansa ɗaya bayan ɗaya a gabansa yana ta kallona. Shekaranjiya Gwaggo ta sa aka kira ni, ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce "ɗan nan an samo ci gaban akun nan kuwa? In ba a samo ba ka zauna abunka a birni, noman ma mun iya ba kai."