Wasiƙa daga New York zuwa ga ƙannena masu karatun kiriminoloji

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman ku ƙannena da kuke karanta kiriminoloji, wato ilimin nazarin laifuka, a jami'ar Dutse da buɗaɗɗiyar jami'a NOUN, da masu kakin makarantar 'yan sanda ta Wudil, da ma 'yan soshiyoloji da 'yan lauya da kos ɗin laifuka ya biyo ta kansu. Ya karatu, ya haƙuri da lakcarori? Mu nan lafiya lau sai godiya, sai dai sanyi da ba ya jin magana.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne wata magana da nake yawan ji daga wajenku a WhatsApp, wani ya ce min Yaya ni fa sai na ji da kunnena nake ganewa shi ya sa handawut ba ya shiga kaina, wata ta ce ita sai ta ga hoto ko bidiyo. Nan Amurka ma haka abin yake, akwai azuzuwan da makon farko za a raba muku takarda mai tambayoyi 16 ku cike, a ƙarshe a ce kai mai gani ne, kai mai ji ne, ke mai karatu da rubutu ce, wancan kuma sai ya taɓa da hannu. VARK ake ce mata, wani malami ɗan New Zealand mai suna Neil Fleming ne ya fito da ita a 1987. Tana da daɗin cikewa kam, kowa na son a faɗa masa ko shi waye.

To amma a 2008 wasu masana halayyar ɗan adam su huɗu, Harold Pashler da abokan aikinsa, suka bi binciken da aka yi kan wannan batu kaf suna neman abu ɗaya tak: a raba ɗalibai bisa salon da suka ce nasu ne, a koyar da wasu da salon nasu wasu da akasinsa, a ba kowa jarabawa iri ɗaya, a ga ko maki zai canza. Ba su samu hujjar kirki ba, 'yan binciken da aka yi yadda ya kamata ma yawanci akasin haka suka nuna. Wato dai gaskiya ne kowa yana da hanyar da ya fi so, amma son ba shi ke kawo maki ba. Ni abin da ke ɓata min rai da zancen shi ne ya zama mafakar lalaci, mutum ya ƙi buɗe littafin doka ya ce ai shi ba mai karatu ba ne mai ji ne. Haba malam! Ranar da aka turo maka fayil ɗin ƙara a ofis wa zai karanta maka?

A fannin namu darasin ne ke zaɓar hanya ba kai ba. Zanen yatsa, da mai lanƙwasa da mai zagaye da mai tudu, dole ka gani da idonka ko da kuwa kai sarkin saurare ne. Ɗaukar bayanin shaida dole ka yi da bakinka, ka zaunar da abokinka ka yi masa tambayoyi har ka gane inda kake cusa masa amsa. Sashen doka kuwa sai ka karanta shi kalma bayan kalma, babu wata dabara.

Abin da bincike ya tabbatar yana aiki abu biyu ne kuma duk ba su da daɗi. A 2013 John Dunlosky da tawagarsa sun auna hanyoyin karatu 10 da ɗalibai ke bi, biyu suka zo a sama: ka rufe littafi ka yi wa kanka jarabawa, sannan ka rarraba karatun a kwanaki maimakon ka tara shi dare ɗaya. Shafa wa layi kala da maimaita karanta shafi suna can ƙasa, kuma su ne dai muka fi yi, ka ga handawut ya koma ruwan ɗorawa tun daga sama har ƙasa. Akwai gwajin Roediger da Karpicke na 2006 da nake so ku riƙe, wasu ɗalibai suka yi ta maimaita karanta rubutu, wasu suka karanta sau ɗaya suka rufe suna ƙoƙarin tunowa. Bayan minti 5 masu maimaitawa ne a gaba. Bayan mako guda sai labari ya sha bamban, masu tunowa sun riƙe kashi 61 cikin ɗari, masu maimaitawa kashi 40. Shi ya sa kwanan zaune na daren jarabawa yake yaudara, da asuba ji kake kai cike yake, bayan sati ka nemi abin ka rasa, ga shi kuma kos ɗin aji uku a kan na aji biyu aka gina shi.

Mu bai kamata ma a koya mana wannan ba, duk wanda ya yi makarantar allo ya san ba a wanke allo sai ka biya da ka, kuma in ka bar tilawa hadda ta zube. Bambancin kawai shi ne a kiriminoloji hadda ita kaɗai ba ta kai ka ko'ina, sai ka iya ɗora abin a kan labari.

Ga misali yadda ake sa mu yi da shari'o'i a nan. Kowace shari'a shafi ɗaya: me ya faru, mece ce tambayar da kotu za ta amsa, me ta yanke, saboda me. Ɗauki ta Miranda. A 1963 'yan sanda a Phoenix suka kama Ernesto Miranda kan zargin sace wata budurwa da yi mata fyaɗe, suka yi masa tambayoyi na awa 2 ya sa hannu a takardar amsa laifi, ba wanda ya gaya masa yana da damar yin shiru ko neman lauya. A 1966 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin, alƙalai 5 suka rinjayi 4. Yawancin ɗalibai a nan suke tsayawa, ba su san an sake yi masa shari'a a 1967 ba tare da waccan takardar ba kuma aka sake samunsa da laifi, tsohuwar abokiyar zamansa ce ta ba da shaida. Malami mai wayo daidai nan zai ɗana maka tarko, ya ce shin rashin gargaɗi yana nufin a saki mutum? Wanda ya haddace suna da shekara kawai ya faɗa, wanda ya rubuta shafinsa da hannunsa ya san maganar da aka tatsa ce ba za ta shiga kotu ba, sauran hujjoji suna nan.

Amma don Allah kar wani ya je ya rubuta Miranda a matsayin dokar Najeriya don ya gani a fim. Naku yana sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999, can aka ce wanda aka kama yana da damar yin shiru har sai ya ga lauyansa ko wani da ya zaɓa, kuma a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a cikin kilomita 40. Sashe na 36 shi ya ce mutum ba mai laifi ba ne sai an tabbatar. Dokar ACJA ta 2015, wato dokar tarayya ta gudanar da shari'ar laifuka, a sashe na 7 ta hana kama wani a madadin wani, wato a rasa ɗa a tafi da uba, abin da kowa ya san ana yi. Sannan ku kula wane kundin dokar laifuka lakcara yake nufi, Arewa Final Kod (Penal Code), Kudu Kiriminal Kod (Criminal Code), ga na shari'ar Musulunci tun 2000 a jihohin da suka ɗauka, wasu jihohin kamar Kaduna ma sun sake rubuta nasu, lambar sashe na iya canzawa.

Sai ka'idojin masana, inda mutane suka fi shan wahala saboda sunayen Turawa sun yi yawa. Shawarata ku daina jera su a takarda, ku ɗauki matsala ɗaya da kuka sani ciki da bai, misali ƙwacen waya a Kano, ku bi da ita ta gaban kowa. Merton na 1938 zai ce an nuna wa yaro cewa kuɗi da babbar waya su ne mutunci amma an toshe masa hanyar halal. Sutherland zai ce ku duba majalisar da yake zama, a can ya koyi sana'ar da ma hujjar da yake kare kansa da ita. Hirschi na 1969 juya tambayar zai yi, me ya hana sauran yaran layin yi, sai ka ga suna da iyaye a kansu da makaranta ko shago da abin da suke tsoron rasawa. Cohen da Felson na 1979 kuwa ba ruwansu da tarbiyyar kowa, su dai abu uku ne in suka haɗu shi ke nan, mai niyya, da abin ɗauka, da rashin mai sa ido, ka tuna mutum a bayan adaidaita da magariba yana latsa waya a titin da ba fitila. Ni wannan ta ƙarshen ta fi burge ni don ita ce ke ba ka abin yi gobe da safe, amma kuma ba ta gaya maka daga ina mai niyyar ya fito. In kun gama sai ku canza matsala, satar shanu ko damfarar POS, ku sake bi ba tare da duba littafi ba. Ku uku ko huɗu sun isa, in kuka wuce haka hira ce za ta ci lokacin.

Abu na ƙarshe, ku je kotu. Nan Manhattan kotun laifuka da ke Centre Street tana gurfanar da waɗanda aka kama har tsakar dare kuma kowa na iya shiga ya zauna a benci, cikin 'yan mintuna an kira mutum, mai gabatar da ƙara ya yi magana, lauya ya yi, alƙali ya yanke maganar beli, na gaba. Ku ma kotun majistare a buɗe take, sashe na 36 ɗin nan ya ce a yi shari'a a bainar jama'a. Ku tafi da biro da littafi, ku kashe waya, ku rubuta laifin da aka karanta da sashen da aka ambata da dalilin ɗaga zaman, in kun koma hostel ku buɗe kundin ku duba ko abin da kuka ji ya yi daidai da abin da ke rubuce.

A gaida su Baba da Inna da duk mutan gida, Allah ya ba da sa'ar jarabawa.

Naku,
Yayanku daga Bronx