Filtar juye da motar da ke kan garanti, ku ji yadda na yi asara

Ƙannena masu fara riƙe mota, musamman ku da aka damƙa wa sabuwar a-kori-kura ta wurin aiki ko ta gida, ko kuma kuka tara da guminku kuka saya, dan Allah ku ɗan tsaya ku karanta wannan, don abin ya ci ni kuma har yau in na tuna raina sosuwa yake.

Tawa Hilux ce mai fetur, injin 2.7, sabuwa dal na ɗauko ta saboda harkar hatsi da nake yi tsakanin Dawanau da kasuwannin ƙauye. A takardar da aka ba ni an rubuta garantin shekara 3 ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika, sai kuma wani ɗan littafin sabis da ake buga wa hatimi duk lokacin da aka yi juye, wato canjin baƙin mai. Wannan littafin ban taɓa zama na karanta shi ba, a cikin mota na jefa shi tare da takardun inshora. Kuskuren farko kenan.

Juye na ɗaya da na biyu wurin dilan da na sayi motar na kai. Na uku ya faɗo a tsakiyar kaka, kasuwa na ci, kullum ina hanya, na ga in na kai ta can sai na rasa yini guda cur ga kuma kuɗinsu da ɗan nauyi, sai na ce ai juye juye ne. Na tsaya wurin bakanikena na da, mutumin kirki ne wallahi, tun ina da tsohuwar mota shi ke duba min. Ya aiki yaronsa ya sayo filta, yaron ya dawo da guda biyu ya ce oga ga orijinal ga mai bi masa. Kwali iri ɗaya, kala iri ɗaya, rubutu iri ɗaya, na jujjuya su a hannu ban ga bambanci ba sai a kuɗi. Shi kansa bakaniken sai da ya ce min Alhaji da ka ɗauki ɗayan tunda motar sabuwa ce, na ce masa tunda tana ɗauruwa ai shikenan a sa. Babu rasit, babu hatimi, ban ko rubuta kilomitar da aka yi juyen ba. Abin da na rage a kuɗin nan ko kwatan tanki ba zai zuba min ba.

To abin da ban sani ba lokacin shi ne ɗauruwa daban, aiki daban. Filta ba gwangwani ba ce kawai. A ciki akwai takardar tacewa da aka nannaɗe kamar mafici, ita ke kama ƙura da ɓurɓushin ƙarfe da dattin ƙonewar mai. Akwai wata roba a bakinta da ke hana baƙin mai sulalewa ya koma ƙasa in an kashe mota, don da safe in ka tayar mai ya isa sama nan take. Sannan akwai wani ɗan bawul mai sifirin da ke buɗewa idan takardar ta toshe ko man ya yi kauri saboda sanyi, ya bar mai ya wuce ko ba a tace ba, saboda gara mai datti da a ce inji ya juya a bushe. Shi wannan bawul ɗin kowane inji da ƙarfin da aka auna masa, in ya yi laushi kullum a buɗe yake man na wucewa da dattinsa, in ya yi tauri ko babu shi gaba ɗaya inji ya sha yunwar mai. Duk waɗannan ba ka ganinsu daga waje, su masu buga jabu kuwa kwali da fenti suke kashe wa kuɗi.

Ba a yi wata biyu ba na fara jin wata ƙara da asuba, kar-kar-kar na ɗan lokaci in na tayar, fitilar mai ma tana ɗan jinkiri kafin ta mutu. Lokacin hunturu ya shigo sai na ɗora wa sanyi. Ku riƙe wannan da kyau, jar fitilar nan mai kamar buta ba ado ba ce, in ta daɗe ba ta mutu ba bayan tayarwa ko ta kawo kana tafiya, ka sauka gefe ka kashe mota a take. Ni sai da ta kawo min ina ɗauke da buhunan gero, kuma na ce bari in lallaɓa in ƙarasa gari na gaba. Ban ƙarasa ba. Janwe ce ta dawo da ita Kano.

A garejin dilan babu wanda ya ɗaga min murya. Babban bakanikensu ya kwance filtar, ya yanka ta a gabana ya shimfiɗa a kan tebur. Takardar ciki ta lotse gefe guda, gam ɗin da ya riƙe ta ya saki, robar bakin ta ƙandare kamar busasshen fata, wasu gutsattsarin takardar kuma a ƙasan inji aka tsinto su sun liƙe a ragar da famfon mai ke zuƙa. Metal, wato ƙarfen da kiranshaf ke juyawa a kansa, ya cinye, shi kuma kiranshaf, babbar sandar da ke juyawa a ƙasan inji, ya sami tabo. Ya buɗe littafin sabis ya nuna min gurbi na uku fari fat, ya ce Alhaji da me zan rubuta wa kamfani? Ban da amsa. Da aljihuna na gyara injin motar da ba ta shekara ba, ta yi sati uku a ajiye a daidai lokacin da ake neman mota ruwa a jallo, ina biyan haya ana ɗaukar min kaya.

Akwai wata magana da nake ji a bakin samari masu kallon bidiyon makanikan Amurka a YouTube, wai kamfani ba shi da ikon soke maka garanti don ka sa filtar wani kamfani. Gaskiya ne, amma a can. Suna da dokar Magnuson-Moss tun 1975, wadda ta hana a tilasta maka sayen kayan kamfanin mota kaɗai, sai in kayan da ka sa ne ya jawo ɓarnar sannan za a iya ƙin biyanka. To ka lura, ko a Amurkan irin tawa ba za ta tsira ba tunda filtar ce ta yi ɓarnar. Mu nan kuma abin da ke cikin takardar da ka sa wa hannu shi za a fara buɗe maka. Eh muna da hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye, za ka iya kai ƙorafi, amma da me za ka je in ba ka da rasit ko ɗaya?

Ba ina cewa duk filtar da ba ta kamfanin mota ba ce banza ba, a'a. Denso, Mann, Mahle, Bosch duk suna yin masu kyau, Denso ma ai ɗan gidan Toyota ne. Matsalar kasuwarmu ita ce duk sunan da ya yi tashe shi ake bugawa na jabu, har da na kamfanin motar kansa, don haka inda ka saya ya fi sunan da ke jikin kwali muhimmanci. Muddin motarka na kan garanti, ka kai ta inda za a buga maka hatimi, ko da zai ci maka yini. In tafiya ta kama ka nesa, tun kafin ka tashi ka sayi filta ɗaya ko biyu a wurin dilan da rasit ka ajiye a bayan kujera, ka kuma tambaye su ko sun yarda a yi juye a waje, su faɗa maka a rubuce.

Kuma da lamba ake sayen filta, ba da ido ba. Ka ba su lambar bodin motarka su fitar maka da wadda ta dace. A Toyota irin na gwangwani da ake murzawa lambarsu da 90915 take farawa, na takarda zalla da ake sawa cikin gida kuma da 04152, amma sauran lambobin da ke biye su ne ke bambanta wannan inji da wancan. Masu dizal mai turbo ku ma ku fi kowa kiyayewa, don turbo ba ya haƙuri da mai datti ko kaɗan.

Ranar juye kada ka ba da makulli ka tafi shan shayi, ka tsaya a kai. Ka tabbatar tsohuwar robar nan mai kamar zobe da ke hana yoyo tsakanin filta da inji ta fito tare da tsohuwar filta ba ta manne a jikin inji ba, don in aka ɗora sabuwa a kanta mai zai iya tsiyayewa gaba ɗaya kana cikin gudu. A shafa ɗan mai a sabuwar robar, a ɗaure da hannu, in robar ta taɓa a ƙara kamar kashi uku cikin huɗu na zagaye ɗaya, ba a sa ƙarfe a matse kamar ana ɗaure taya ba. A tayar a bar ta ta ɗan yi aiki, ka leƙa ƙasa ko tana ɗiga, a kashe a jira kaɗan a sake auna mai. Sannan ka ɗauki hoton mita da kwalin filtar da galan ɗin man da rasit, ka tura wa kanka a WhatsApp, don rasit ɗin nan da na'ura ke bugawa rubutunsa gogewa yake in ya sha zafin cikin mota.