Yau mun yi wa inabi aski, ni da Baba kuma mun ɗan saɓa

Talata da dare. Tafin hannuna sai zugi yake, almakashin nan ya ci ni, amma ba shi ya hana ni barci ba.

Ana sallame asuba muka fita ni da Auta da yara biyu 'yan ƙwadago, muka kama layin gabas. Ruwa ya ja baya, safiya ta fara sanyi, kuma duk gonakin da ke hanyar Hunkuyi ka ga an fara zubar da ganye, to me zan jira. In aka yi aski yanzu a Oktoba, wajen wata huɗu ne a tsinka, ka ga nonon inabin, wato curin 'ya'yan, zai nuna ne cikin hunturu, ba ruwan sama ba laimar da ke kawo fumfuna. Da farko aikin daɗi yake min wallahi, Auta na ta surutu, muna tsige ganye muna datsewa, rana ta fara ratso rumfar tana sauka ƙasa, abin da rabon da in gani tun Yuli.

Wajen ƙarfe goma sai ga Baba. Ya jingine keke, ya tsaya ya daɗe yana kallon tulin rassan da ke ƙasa kafin ya ɗago. Ya ce "kai, wannan aski ne ko kisa?"

Na yi dariya na ce Baba ai haka ake yi. Ya ce bara ai ba haka ka yi ba. Gaskiya ya faɗa, bara na ji tausayin kurangar inabin na bar rassa da yawa, rumfar ta rufe ruf kamar ɗaki, iska ba ta shiga, feshi ba ya kai ciki, raɓa ta kwana a ganye har hantsi. Na fara masa bayani. Cewa a ƙasashen sanyi ita kuranga da kanta take zubar da ganye ta yi barci, mu nan ba ta barci, in ka ƙyale ta sai ta yi ta miƙa tana tofo daga can ƙarshen reshe kawai, idanun baya, wato wuraren tofo a jikin reshe, su zauna shiru. Shi ya sa ake aski biyu, ɗaya bayan an tsinka a mayar da ita baya a bar ido ɗaya ko biyu don ta fitar da sabbin rassa, ɗaya kuma yanzu na 'ya'ya. Har na ce masa manoman Nashik a Indiya ma haka suke, Afrilu da Oktoba. Ban san me ya kai ni Indiya ba, mutum yana tsaye a gonarsa.

Bai ce komai ba, sai ya sunkuya ya zaro wani reshe daga cikin tulin. Dogo, kauri ya fi babban yatsa, da tsumman atamfa ɗaure a jikinsa. Shi ya ɗaure shi a waya da hannunsa cikin damina, na gane tsumman, tsohon zanen Inna ne. Ya ce "wannan fa, me ya yi maka?"

To ni na san dalilin da na cire shi. Irin wannan mai ƙiba da gaɓoɓi nesa-nesa ganye yake zubawa, ba kasafai yake ba da nono ba, ga shi a inuwa ya girma, kuma idon da bai sha rana ba lokacin da yake haɗuwa yawanci fanko ne. Wanda ake so shi ne mai kaurin fensir, wanda ya nuna ya yi ruwan ƙasa, a bar masa ido huɗu ko biyar in baƙin inabi ne, a raba su a kan waya kowa da wurinsa. Duk wannan da na faɗa a hankali da ya wuce. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne "Baba ai yanzu an daina wannan noman." A gaban Auta, a gaban yaran mutane.

Mutumin da ya ɗauko saran farko daga Zariya a bayan mashin, ya kafa ginshiƙan rumfar nan lokacin ina firamare, mutanen gari na ce masa inabi ba ya yi a ƙasar Hausa. Ya ce "to Allah ya yi albarka," ya ɗaura reshen a bayan keke ya tafi. Ban ƙara jin daɗin aikin ba. Sau biyu na datse wanda ban yi niyya ba.

Mun gama layi shida. Maganin tada ido sai gobe da yamma, na hana Auta taɓawa babu safar hannu, yana ƙona fata. Injin ban ruwa ya fara tari kuma. Fetur.

Bayan isha na shiga gaishe shi, ya amsa kamar kullum, har ya tambaye ni ko layin yamma gobe ne. Na ce eh, shi marar ƙwallon nan da ake bar wa reshe ya ɗan yi tsawo don nononsa can gaba yake fitowa. Na so in ce ya yi haƙuri, maganar ta maƙale, sai na ce ko zai zo ya duba mana. Ya ce sai dai Allah ya kai mu.

Da zan fito Inna ta kira ni madafi, ta nuna min bayan randa da fitilar waya. Leda huɗu cike da ƙasa, an jiƙa su. Ya yayyanka reshen ido uku-uku ya cusa a ciki, tsumman yana nan a jikin ɗaya.