Wayar Salula da Tsatsar Ƙwayoyin Jiki

Wani dare na daɗe ina magana a waya, da na sauke ta sai na ji kunnena ya yi zafi, gilashinta kuma ya jiƙe da gumi. Wannan ne ya sa na shiga bincike kan abin da ake yawan faɗa, wai igiyoyin rediyon da waya ke fitarwa suna haddasa wa ƙwayoyin jiki wata irin tsatsa.

Tsatsar dai abu ce da likitoci suka sani. Yayin da jiki ke ƙona abinci da iskar oksijin, yakan samar da wasu sinadarai masu cin kitse, furotin da ƙwayoyin gado, sai wasu sinadaran kariya kamar gulutatayon su kashe kaifinsu. Idan masu ɓarnar suka rinjayi masu kariyar, a nan matsala take farawa. Igiyoyin waya, saɓanin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, ba su da ƙarfin tsinka sinadaran jiki kai tsaye. Tasirinsu da aka tabbatar shi ne ɗumama nama, shi ya sa Amurka ta ƙayyade cewa ƙarfin igiyoyin waya da ke shiga jiki kada ya wuce wat 1.6 ga kowane kilo na nama, Turai kuma wat 2.

Gwaje-gwaje da dama a kan beraye sun nuna ƙaruwar alamun tsatsar, haka ma wasu ƙananan nazarce-nazarce a kan yawun masu yawan kira. Sai dai inda gizo ke saƙar shi ne, shan taba, ƙarancin barci da motsa jiki mai tsanani duk suna ɗaga waɗannan alamun, kuma mai kwana yana latsa waya da wuya a ce barcinsa ya isa. Wani babban nazari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aka gudanar, wanda ya fito a 2024, ya tarar cewa hujjojin suna da rauni matuƙa. A ganina, masu cewa an tabbatar da cutarwar sun yi gaggawa, kamar yadda masu cewa an rufe zancen suka yi.

Zafin kunnen nawa kuwa, akasarinsa daga batir ne da kuma toshe fata daga iska. Duk da haka na koma sa lasifika idan hira za ta yi tsawo, musamman inda sabis ya yi rauni, domin a lokacin ne waya ke ƙara ƙarfinta don ta kai ga eriya.