Masu goge lissafin injin fotokwafi

Yau na rasa cinikin injin fotokwafi da wata makaranta za ta saya, kuma wallahi abin ya tsaya min a rai. Wanda ya karɓe cinikin ya karya farashi sosai, ya rantse musu cewa injinsa sabo ne dal.

Mu da ke cikin sana'ar mun san yadda ake yi. A ɗauko na gwanjo daga Turai, a wanke jikinsa ya yi fes, a goge lissafin shafukan da ya buga ko a canza allon da ke riƙe da lissafin. Amma ganga mai ɗaukar hoton rubutu da abin da ke gasa tona, wato garin tawadar injin, a jikin takarda sun riga sun gaji. Wata biyu ko uku, baƙin layi zai fara ratsa shafi, takarda ta riƙa maƙalewa, galibi ana tsaka da buga jarrabawa. Ga tonar jabu da suke haɗawa da ita, mai ƙarasa kashe gangar.

Ni ma ina sayar da na hannu, Ricoh da Kyocera da Sharp, ba laifi ba ne. Sai dai ina buga wa mai saye takardar lissafin a gabansa, in faɗa masa abin da zai canza nan gaba. Hakan ne ke sa farashina ya zama kamar tsada.

Na roƙi shugaban makarantar abu ɗaya: Malam, kafin ku biya, ku sa makanikenku ya buɗe cikin injin, kuma a rubuta muku garanti a takarda.