Abin da Neman Kayan Koyar da Kimiyya a Intanet Ya Koya Mini

Malamin kimiyya a makarantar gwamnati ya san halin da ɗakin gwaje-gwaje yake ciki. A wasu makarantun akwai ɗakin, amma kwalaben sinadarai sun bushe, famfon babu ruwa. A wasu kuma ko ɗakin babu, sai allo da alli. Wannan ne ya tura da yawa daga cikinmu zuwa intanet, ni ma shi ya tura ni, domin ba na jin daɗin in tsaya gaban yara ina zana batir da ƙwan fitila a allo ina ce musu su ɗauka cewa ya kama.

Abu na farko da na gane shi ne, kaya ba su yi ƙaranci a intanet ba. Yawansu ma shi ne wahalar. Ka rubuta sunan darasi guda, bidiyo da hotuna da takardu su zubo maka fiye da abin da za ka iya dubawa a zangon karatu, datarka ta ƙare ba ka tsayar da ko ɗaya ba. Saboda haka na daina fara nema daga intanet. Yanzu nakan fara da manhajar karatu ta NERDC, hukumar da ke tsara manhajar makarantun Nijeriya, in duba abin da mako ya ƙunsa, sannan in ɗauko tsofaffin tambayoyin WAEC da NECO in ga yadda ake tambayar wannan batu. Daga nan sai in tambayi kaina: a wannan darasi, wane wuri ne yara suke tuntuɓe duk shekara? Wannan wurin kaɗai nake nema wa magani. Idan matsalar ita ce sun kasa gane bambancin haɗa ƙwayayen fitila a jere da haɗa su gefe da gefe, to abin da zan nema ke nan, ba duk ilimin lantarki ba.

A kan wannan batu na lantarki na san darajar PhET. Shafi ne na Jami'ar Colorado da ke Boulder a Amurka, wanda Carl Wieman ya kafa a 2002, shekara guda bayan ya samu lambar Nobel a Fiziks. Abin da ke ciki gwaje-gwaje ne na kwaikwayo: kana jawo batir da wayoyi da makunni da ƙwan fitila a fuskar kwamfuta, kana haɗa su, fitilar tana kamawa ko tana ƙin kamawa daidai da yadda za ta yi a zahiri. Kyauta ne a shafin, kuma abin da ya fi yi mini amfani shi ne ana iya sauke kowane gwaji a ajiye, a buɗe shi daga baya ba tare da data ba. Malamin da ke koyarwa a inda sabis yake zuwa yana ɗaukewa ya san muhimmancin wannan. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk abin da zan nuna ranar Litinin, tun Asabar yana cikin kwamfutata, kuma na gwada shi da intanet a kashe.

Amma samun abu daban, sanin yadda za a yi da shi daban. Idan ka kunna kwamfuta ka yi ta danne-danne yara suna kallo, sun kalli majigi ne kawai, za su yi shewa su tashi babu abin da ya zauna. Abin da ya fi yi mini aiki shi ne in hana kaina dannawa sai sun yi magana. Nakan haɗa ƙwayaye biyu a jere, su ga sun kama, sai in ɗora hannu in ce, "Idan na cire wannan, me zai faru da ɗayan? Kowa ya rubuta a littafinsa." Sai aji ya rabu. Wasu su ce zai ƙara haske tunda ya samu wutar ɗan'uwansa, wasu su ce zai mutu. In bar su su ja da juna na ɗan lokaci, sannan in cire. Ya mutu. Sai in sake haɗawa gefe da gefe, in sake tambaya, in cire, ɗayan ya ci gaba da ci. A nan nake tambayarsu me ya sa idan ƙwan fitilar zaure ya ƙone na tsakar gida ba ya mutuwa. Yaron da ya yi kuskuren hasashe ya fi kowa riƙe amsar, domin ya sa ransa a ciki kafin ya gani.

Bidiyo kuwa sai da lura. Khan Academy da makamantansa suna da bayani mai kyau, amma an shirya su ne don yaron da Turanci harshen gidansu ne. Maganar tana da sauri, lafazin baƙo ne a kunnen ɗalibanmu. Ni dai nakan kashe muryar gaba ɗaya, in bar hoton yana tafiya, in riƙa tsayar da shi ina bayani da bakina. In faɗi abin da Hausa har ya shiga, sannan in rubuta sunansa na Turanci a allo in sa su maimaita, tunda da Turanci za su rubuta jarrabawa. Haka nan sai ka kula da abin da aka cusa a ciki wanda ba namu ba. Darasin yanayi zai zo maka da lokuta huɗu na Turai har da dusar ƙanƙara, alhali yaronmu damina da kaka da hunturu da bazara ya sani. Ma'aunin zafi zai zo da Farenhait, mu kuwa Salsiyos muke aiki da shi. Za a ce wutar gida bolt 120 ce, tamu kuwa 230. Darasin wane yake cin wane a daji zai zo da itatuwa da dabbobin da yaro bai taɓa gani ba, alhali ga gero, ga fara, ga ƙadangare, ga shirwa a bayan aji. Idan malami bai tace waɗannan ba, yaro zai ɗauka kimiyya labarin wata ƙasa ce.

Inda wannan ya fi fito mini fili shi ne darasin asid da alkali. Kusan duk bidiyon da na samu, da jan kabeji suke yin ruwan gwaji, wato ruwan da canjin launinsa ke nuna ko abu asid ne ko alkali, abin da ba kowace kasuwa tamu ake samunsa ba. Da na karanta dalilin da ya sa kabejin yake canza launi, sai na ga sinadarin launi ne da ake kira antosayanin, kuma akwai shi a zoɓo. Na jiƙa busasshen zoɓo a ruwan zafi, na tace, na sirka shi har ya yi haske. Na jera kofunan roba masu garai-garai a kan tebur. A na farko aka matsa lemun tsami, a na biyu ruwan tsamiya, duka suka yi ja mai haske. A na uku aka zuba ruwan kanwa, nan take ya juye ya yi duhu ya koma kore-kore. Ruwan toka ma haka. Wata yarinya daga bencin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, shi ya sa ke nan Inna take sa kanwa a miyar yakuwa don ta kashe tsami?" Na ce mata ƙwarai kuwa, abin da littafi yake nufi ke nan da alkali ya kashe ƙarfin asid, kuma mahaifiyarta ta daɗe tana yin sa a madafi. Intanet bai ba ni wannan darasi a shirye ba. Dalilin ya ba ni, kayan kuma na same su a hannun mai kayan miya da kuɗin da bai taka kara ya karya ba.

Don haka nake jan hankalin malamai zuwa ga TESSA, shirin da Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya ta fara a 2005 tare da cibiyoyin horar da malamai na Afirka, ciki har da Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna. Kayansu rubutu ne, ba su da nauyin saukewa, ana iya buga su a takarda, kuma an rubuta su da sanin cewa ajin cike yake kuma kayan aiki babu. Akwai su da Turanci da Faransanci da Larabci da Suwahili, don haka 'yan'uwanmu malamai na Maraɗi da Damagaram ma za su amfana. Akwai kuma Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar a 2022 tare da UNICEF da Microsoft, wanda aka tsara shi bisa manhajarmu. Makarantar da take da kwamfuta ko guda ɗaya tana iya sa Kolibri, wanda yake ba wayoyin da ke kusa damar buɗe darussan da aka ajiye ba tare da intanet ba, Kiwix kuma yana ajiye Wikipedia a karanta ta haka nan.

Akwai abin da yake tayar mini da hankali, wato ƙaryar da ake yaɗawa da sunan kimiyya. Ɗalibai sukan zo mini da bidiyo a waya: wani ya soka wayar caji a albasa ko lemo waya ta fara caji, wani ya haɗa maganaɗisu ya samu wuta har abada ba mai ba batir. Lemun tsami da aka soka wa jan ƙarfe da tutiya yana ba da wuta, gaskiya ne, amma ba ta kai bolt ɗaya ba kuma ƙarfin gudunta kaɗan ne ƙwarai, alhali waya bolt 5 take nema. Ba na tsawata wa yaron da ya kawo irin wannan. Nakan ce mu gwada, mu auna, ya gani da idonsa. Wanda ya fi wannan haɗari shi ne bidiyon haɗe-haɗen sinadarai na gida. Ruwan bilic idan ya haɗu da asid yana fitar da iskar kilorin mai guba, kuma ajinmu tagoginsa ƙanana ne. Duk gwajin da ban san wanda ya wallafa shi ba, ban kuma yi shi da hannuna ni kaɗai tukuna ba, ba ya shiga ajina. Amsoshin manhajojin ƙirƙirarriyar basira ma haka nake musu, sai na gwama su da littafi.

Kuma komai kyan gwajin kwamfuta, akwai inda yake tsayawa. A jarrabawar gwaji ta Kemistiri, ɗalibi zai riƙe biret da fifet, wato bututun gilashi na auna ruwa, da hannunsa, ya zuba asid ɗigo-ɗigo, ya tsaya daidai lokacin da launi ya juya, ya karanta ma'auni da idonsa a daidai saitin ruwan. Yatsun da ba su taɓa murɗa bakin biret ba za su yi rawa ranar, ko da yaron ya kalli bidiyo ɗari. Ina faɗin wannan ne saboda na ji ana cewa tunda akwai intanet, sayen kayan ɗakin gwaji ba dole ba ne. Wannan magana ba ta da tushe, kuma 'ya'yan talakawa ne za su biya kuɗinta.

Abin da ya rage mana shi ne mu daina wahala kowa shi kaɗai. Malamin Bayoloji ya ƙona datarsa ya nemo zanen yadda ƙwayar zazzaɓin cizon sauro take yawo tsakanin macen sauro da hantar mutum da jininsa, na makarantar da ke maƙwabtaka ma ya ƙona tasa a kan abu guda. Yadda masu tura fina-finai a bakin kasuwa suke cika wa mutane memori, haka mu ma za mu iya yi da darussa. Ni da wasu abokan aiki mun ware fulash guda, mun raba shi aji-aji da mako-mako bisa manhaja. Sharaɗinmu shi ne, duk wanda ya sa abu a ciki sai ya rubuta layi biyu: a wane aji ya gwada shi, kuma a ina yara suka rikice. Taron ƙungiyar malaman kimiyya ta STAN wuri ne da ya dace a riƙa musayar irin wannan. Abin da muka fi rasawa har yanzu shi ne gajerun bidiyon gwaji da bayanin Hausa, waɗanda aka yi da kayan da ke kasuwarmu, kuma a zango mai zuwa da gwajin zoɓo za mu fara ɗauka.