Kada ku ɗora Fijon Baba a kan sikeli

Zuwa ga 'yan uwa da abokan arziki na Maradi, Tibiri, Madarunfa da Ɗan Isa.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku gaisuwar wanda ya daɗe bai taka gida ba. Ya iyali, ya zafi, ya kuma haƙuri da mu? Mu nan Agege lafiya lau, sai ruwan sama da ya ƙi ɗaukewa yau kwana uku.

Makon jiya ƙanena ya turo mini wani hoto ta WhatsApp, kuma tun ranar raina bai kwanta ba. Fijo 504 ce ta wani dattijo a unguwarmu, wadda ta yi shekara da shekaru a gindin dogon yaro, awaki na kwana a inuwarta. Bayan rasuwarsa magada suka kira 'yan gwangwan, aka yanka ta gida huɗu, aka auna a sikeli, aka raba kuɗin. Na buɗa hoton da yatsu biyu ina duban ƙofofinta da aka jingine a bango. Fenti ya ƙone, gilashi ya tafi, amma ƙarfen garau yake, ko ɗigon tsatsa babu. Ni kuwa yau wata goma sha huɗu ina yawon neman ƙofar baya ta hagu mai lafiya a garin nan ban samu ba.

Tawa motar haɗin Kaduna ce, fara, na saye ta wajen wani dillali da ya ce ta wani tsohon ma'aikacin gwamnati ce da ba ya fita da ita sai ranar Lahadi. Da magariba na je gani, kuma wannan shi ne kuskurena na farko. Fenti na ta ƙyalli, injin ya tashi bugu ɗaya, na biya. Aka kawo ta tsakar gidan da nake haya, na roƙi maigidan ya bar mini lungun da ke bayan rijiya, na kafa tamfol a kan sanduna huɗu. Garejin ke nan. Ranar Lahadi kaɗai nake samun sarari daga kasuwar Mile 12, don haka aikin da mai gareji zai yi a wata guda ni sai na ci shekara.

Wanda ya buɗe mini ido wani tsoho ne Bayarabe, mai gyaran jikin mota, abin da muke ce wa toliye a gida, nan kuma fanel bita. Ya zauna Sabon Garin Kano yana saurayi, yana da Hausarsa ta tsinta. Ko bonet bai buɗe ba. Ya ciro wani ɗan maganaɗisu daga aljihu, irin wanda ake cirewa a tsohuwar sifika, ya riƙa ɗora shi a jikin motar. A rufi ya kama. A tsakiyar ƙofa ya kama. Da ya sauko tafi ɗaya daga ƙasa sai maganaɗisun ya faɗo tim. Ya sake ɗorawa, ya sake faɗowa. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, wannan wuri ba ƙarfe ba ne, tuwo ne." Na ce, "Baba, wane irin tuwo?" Ya sa sukurdireba ya ƙwaƙulo, sai ga fila, kwaɓin nan da ake cike ramin jikin mota da shi, mai kaurin yatsa, a bayanta an cusa ragar sauro da takardar siminti. Da muka ɗaga shimfiɗar ƙasan direba, ina iya hango kwalta ta ramuka uku.

Ga abin da ban sani ba sai da na zauna kurmi. Iskar Legas jiƙaƙƙiya ce, kuma tana ɗauke da gishirin teku. Ruwa ya shiga cikin ƙofa ta bakin gilashi, ramukan da aka yi masa na fita sun toshe da laka, sai ya kwanta can ciki yana ci. Ya bi ƙarƙashin tabarmar ƙafa, ya bi kusurwar gilashin gaba, ya bi inda ake kafa jak, ya bi saman shok na gaba. Kafin ka ga ƙuraje a kan fenti, ciki ya riga ya zama garin ƙarfe. Ga ambaliya a kan haka: duk damina sai mota ta yi iyo a wani titi. Mu kuwa a gida rana ce abokiyar gaba. Tana ƙona fenti, ta fasa dashbod, ta busar da roba har ta karye kamar ƙuli-ƙuli. To amma fenti ana sakewa, roba ana saye. Ƙarfen da aka buga a injin kamfani shi ne idan ya tafi ba ya dawowa, kuma shi ne busasshiyar iskarmu ta adana mana kyauta, muna kallonsa a matsayin tarkace.

Wata huɗu Baba ya yi yana zuwa mini duk Lahadi da tukunyar kabaid a bayan babur. Sai ya yanka kwali daidai siffar ramin, ya zana a kan falle, ya yanke, ya ɗora a kan guntun ƙarfen dogo ya riƙa bugu da ƙaramar guduma har lanƙwasar ta fito. Ba ya jan walda a dogon layi, sai ɗigo nan, ɗigo can, yana jira ya huce, don kada zafi ya murɗe fallen. Ƙasan motar kaf haka aka yi shi. Ƙofar hagu ta baya ce kawai ya juya, ya sake juyawa, ya ce wannan sai dai a yi mata addu'a.

Matasa za su ce, duk wannan wahala a kan tsohuwar Fijo? Ku tambayi iyayenku. A 1968 aka fara yin ta a Faransa, shekara guda bayan haka aka zaɓe ta motar shekara a Turai. Turawa sun daina yin ta a 1983, amma masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975 ta ci gaba da haɗa ta har wajen 2006. A wannan shekara ta 1975 ita ta ci tseren Safari na Kenya, inda hanya ta fi ta Dakoro muni. Na taɓa kai yarana gidan tarihi na Onikan, suka ga baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976, ramukan harsashi na nan. Bayan wannan ne gwamnatin Obasanjo ta rage fankama, 504 ta zama motar manyan ma'aikata. Mu a namu ɓangaren ba ta ofis muka sani ba. Mun san famiyal mai kujeru layi uku da ke tashi daga tashar Maradi zuwa Jibiya da Katsina, mun san bashe, wato a-kori-kura, da ake lafta wa buhunan gujiya har ta durƙusa, ta kuma isa. Ni a cikin famiyal aka kai ni Katsina karon farko, a kan cinyar kawuna, kaza na tsattsage mini ƙafa.

Kan injin ne na yi abin kunya, kuma ba zan ɗora wa kowa ba. Injin 504 mai lita biyu silindojinsa ba a jikin bulok aka huda su ba. Kowane silif, wato bututun da fistin ke hawa da sauka a ciki, zaman kansa yake, ana zura shi, ruwa na zagaye shi, a gindinsa akwai wani siririn gasket da ke hana ruwan gangarawa cikin baƙin mai. Kan injin, wato tof, shi ke danne su. Na cire tof don a wanke bawul, sai ɗoki ya kama ni, na sa sifana na juya kuranshaf don in ga fistin na hawa da sauka. Fistin ya hau, silif ya biyo shi kaɗan, abin da ido ba zai gani ba. Na mayar da komai, na ɗaure, na tayar. Bayan kwana biyu na zaro sandar gwada mai, sai ga shi fari-fari kamar kunun gyaɗa. Dole aka sauke injin gaba ɗaya. Makaniken da ya zo ceto na ya yi dariya har da hawaye, sannan ya nuna mini abin da ake yi: da zarar an ɗauke tof, a sa manyan wasa, wato faifan ƙarfe mai huda a tsakiya, da noti a danne silif ɗin kafin a taɓa komai. Wasa huɗu, kuɗinsu bai kai na shayi da burodi ba.

Kasuwar Ladipo da ke Mushin makaranta ce ita ma. Ranar farko na shiga ina neman buji, aka yi ta kallona, sai da wani yaro ɗan Sakkwato mai dako ya ce, "Yallaɓai, filogi ake cewa nan." Na koma koyon sunaye daga farko: lagireto, kabureta, salansa, fanbel. Daga baya na gane abin da ya fi sauƙi shi ne ka riƙe tsohon kayan a hannu, ka ajiye shi kusa da wanda za a ba ka, ka ƙirga ramukan noti da kanka. Kayan injin da na birki ba sa wuya, domin 504 da ƙanwarta 505 sun yi tarayya a abubuwa da yawa. Fitilar baya ta asali, da zakin gaba, da ƙarfen ado na gefen gilashi, da ƙofa mai lafiya, waɗannan su ne ake shan rana a kansu.

Sai maganar gyaran zamani, inda na ɓata da mutane da dama. Kusan duk wanda ya leƙo ƙarƙashin tamfol ɗin sai ya ce in jefar da injin in dasa na Toyota. Na ƙi. Wanda ke son Toyota ai ga su nan cike da titi. Wannan injin da ke kwance a karkace, da sautinsa idan ya ɗauki giya ta uku, shi ne rabin motar. Amma ban ce komai na da sai an bar shi ba. Robobin birki duka na canza, na zubar da tsohon man, domin man birki yana shan raɓa, a garin nan kuwa ba a rasa ta. Kulocinta ma da mai yake aiki, shi ma na sabunta. Na cire kontak daga distiributa na sa na lantarki, na huta da gogewa da gyaran tazara duk bayan 'yan makonni. Na ƙara fanka mai aiki da batir a gaban lagireto, saboda wanda ya zana motar nan bai taɓa tsayuwar awa biyu a cunkoson Oshodi ba. Na mayar da tamostat ɗin da wani ya cire, na daina zuba mata ruwan rijiya zalla, tunda tof ɗin alminiyom ne kuma ruwan yana cinye shi. Fitilun gaba na sa musu rile, na sa bel a kujerun baya saboda yara. Idan ka tsaya a gefenta ba za ka ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma haka nake so.

Abu biyu ne har yanzu nake juyawa. Ɗaya giya biyar ta 505 da wasu ke ɗorawa don injin ya huta a doguwar hanya. Ɗayan kuma gas. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, duk mai kabureta a ƙasar nan yana lissafi kafin ya taka totur, kuma ana ta mayar da motoci masu amfani da gas ɗin da ake kira CNG. Sai dai tukunyar za ta cinye rabin but, ni kuwa but ɗin nan nake so in cika da tsaraba ranar da zan kawo muku ita.

Ranar da ta fara fita, Lahadi ce bayan sallar asuba. Uwargida, wadda ta shekara tana shanya tattasai a kan bonet ɗin don ta nuna mini amfanin da ta ga motar na da shi, ita ta riga kowa shiga gaba. Muka hau gadar Third Mainland, mai kusan kilomita 12, lagun na hayaƙi a hagu da dama, titi fayau. Inda gadar ke da gaɓa, ƙananan motoci na tsalle, tamu sai ta haɗiye ta wuce kamar ba a yi ba. A dawowa wani dattijo cikin agbada ya sauke gilashin jif ɗinsa a wajen danja, ya daɗe yana kallonta, ya tambaye ni ko ta sayarwa ce. Na ce a'a. Bai ga cewa ƙofar hagu ta baya da igiya aka ɗaure ta daga ciki ba.

To, ga roƙona. Duk mai irin wannan mota a gida ko a kangon gado, 504 ce ko 404, ko da injinta ya mutu, ya dakata kafin ya kira mai sikeli. A ɗora ta a kan bulo don tayoyi su bar ƙasa, a cire batir, a share fitsarin dabbobi da ƙasar da ta taru a gindinta, a yi mata rumfar zana. Kada a naɗe ta da leda, gumi take sawa. Takardunta kuma a adana su, domin mota marar takarda ko an gyara ta ba ta wuce shingen farko. Idan dole sai an sayar, a ɗauki hoto a tambaya tukuna. Ƙofa ɗaya mai lafiya tana iya fin abin da za a ba ku a kan gangar jikin duka idan da kilo aka auna.

Ni dai ƙofar baya ta hagu nake nema, ta salun, ba ta famiyal ba, don ba su zama ɗaya ba. A gwada ta da maganaɗisu daga ƙasa. Kowane launi ne ina so. Wanda ya samu ya kai wa ƙanena, shi ya san direbobin albasa da ke sauka Mile 12, za su cusa ta tsakanin buhuna. A naɗe kusurwoyinta da tsumma.

A gaida Inna, a ce mata maganin ƙafar yana hanya.

Naku,
ɗan uwanku a Agege, Legas.